Gidan kine a Yamai: me ake biya wa kuɗi idan gaɓa ta ƙage?

A Yamai mutane da yawa suna ɗaukar ranar da aka fasa ɗaurin siminti a matsayin ranar warkewa, domin radiyo, wato hoton ƙashi, ya nuna ƙashi ya haɗe, likita ya sallami mutum, dangi kuma sun zo barka da arziki. Sai an sa ƙafa a ƙasa ake gane cewa da sauran aiki: idon sawu ya ƙage, ƙwauri ya rame ya tsuke, tsuguno ya gagara, zaman tahiya kuma sai da miƙe ƙafa. Daga nan wasu sukan nufi mai tausa na unguwa ya murɗe gaɓar da ƙarfi, wasu kuma su bi takardar likita zuwa wurin kine, wato mai jinyar gaɓoɓi da tsoka ta hanyar motsa jiki. Ni takardar likita na bi bayan karayar da na samu a idon sawun hagu cikin haɗarin moto, kuma abin da ke tafe hukuncina ne game da wani ƙaramin gidan kine mai zaman kansa a gaɓar hagu ta kogin Isa, inda na yi jinyar ƙafata har na koma aiki. Ba zan kama sunansa ba, saboda zan faɗi aibinsa kamar yadda zan faɗi alherinsa, kuma ma'aunin da na gwada shi da shi zai yi wa mai karatu amfani a kowane gida irinsa.

Gidan ya cancanci a je, amma ya kamata mai zuwa ya san abin da yake saye. Abin da ya halatta kuɗina a wurin shi ne awon da aka yi mini, da koyarwar da na samu, da hannun da ya san inda zai tsaya. Jan ƙafar da ake yi a kan gado, wanda yawancin majinyata suke ɗauka shi ne jinyar, shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin koya a gida.

Wurin ba shi da girma. Akwai ɗakin jira mai benci da fanka, da zaure guda da aka raba da labule zuwa wuraren kwanciya, da sanduna biyu na koyon tafiya, da keken motsa jiki, da fitilar gashi, da igiyoyin roba masu launi daban-daban gwargwadon taurinsu. Mace ce shugabar aikin, kowa Madam yake ce mata, tana da mataimaki saurayi da wata yarinya mai karɓar kuɗi da rubuta rana. Ana magana da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, kuma mata sukan nemi Madam da kanta ta duba su a bayan labule, ana kuma yi musu haka ba tare da sun maimaita roƙo ba. Tsabta ba laifi, ana sauya zanen gado tsakanin mutum da mutum.

A rana ta farko ba a ja mini ƙafa ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya fara kwantar mini da hankali. Madam ta nemi hoton radiyo na ƙarshe da takardar likitan ƙashi, ta karanta ko an yarda in taka da cikakken nauyina, sannan ta lallatsa ƙwaurina tana tambaya ko akwai zafi ko kumburi na daban, domin wanda ya daɗe cikin ɗauri yana iya samun gudan jini a hanyar jinin ƙwauri, kuma tausa ko ja a kan irin wannan gudan haɗari ne ga rai. Bayan ta gamsu ta ɗauko ma'aunin kusurwa ta auna iya inda tafin ƙafa yake ɗagowa sama, sau ɗaya gwiwa a miƙe, sau ɗaya gwiwa a lanƙwashe, ta auna ƙafar dama mai lafiya domin kwatanci, ta rubuta duka a kati. Dalilin awo biyun shi ne tsokoki biyu ne manya a bayan ƙwauri suke haɗuwa a agara: ta sama ta tsallaka gwiwa ta kama ƙashin cinya, ta ƙasanta kuwa ba ta kai gwiwa ba. Idan ƙafa ta ƙi ɗagowa gwiwa a miƙe amma ta saki da an lanƙwasa gwiwa, tsokar sama ce ta gajarce. Idan ta ƙi a duka biyun, to matsalar tana tsokar ƙasa, ko jakar da ta kewaye gaɓar, ko ƙashin kansa, kuma kowanne da irin maganinsa. Lafiyayyen idon sawu yana ɗagowa wajen digiri 20, tafiya a fili tana buƙatar wajen digiri 10, tsuguno da saukowa daga matakala suna buƙatar fiye da haka. Ƙafata a ranar ko na tafiya ba ta cika ba.

Sannan ta yi mini tambayar da nake ganin kowane kine ya kamata ya fara da ita: "Malam, me kake so ƙafar nan ta koma yi maka?" Na lissafa mata sujada da zaman tahiya, da tsuguno wurin alwala da bayan gida, da sauya giyar moto, wanda da ƙafar hagu ake yi. A kan waɗannan ta tsara aikin, ta kuma nuna mini cewa buƙatunsu sun saɓa da juna, domin tsuguno ɗagowar ƙafa yake nema, zaman tahiya kuwa yana neman tafin hagu ya kwanta ya miƙe a zauna a kansa, don haka ta ɓangare biyu za a buɗe gaɓar.

Dalilin ƙagewar sananne ne a ilimin jiki. Zaren tsoka an gina shi da ƙananan sassa da ke jere a tsawonsa, waɗanda ake kira sarkomiya, kuma jiki yana ƙara yawansu ko ya rage gwargwadon tsawon da aka saba ajiye tsokar a kai. A shekarar 1972 Tabary da Tardieu da abokan aikinsu a Faransa, tare da Goldspink, sun ɗaure ƙafar kyanwa na ƴan makonni tsokar ƙwauri tana a gajarce, suka tarar ta yi asarar kashi 40 cikin 100 na sarkomiyarta, wadda aka ɗaure a miƙe kuwa ta ƙaru da wajen kashi 20 cikin 100, kuma da aka kwance ɗaurin dabbar ta ci gaba da tafiya adadin ya koma yadda yake. Ban da wannan, kolajin, wato zaren nama mai ƙarfi da ke naɗe da tsoka da gaɓa, yana yin kauri ya manne idan ba motsi, kumburin da ya rage a idon sawu kuma yana cike wurin da gaɓa za ta juya. Duk wanda ya fahimci wannan zai gane cewa murɗa ta rana ɗaya ba za ta mayar da abin da makonni suka rage ba, domin sabon nama jiki yake ginawa, kuma gini yana cin lokaci.

Yadda Madam take miƙa tsoka ya dace da wannan ilimi. Takan sa mutum ya taka keke ko ya yi tafiya tsakanin sanduna na ƴan mintuna har jiki ya ɗumama, sannan ta riƙe dunduniya a tafin hannunta, ta tura tafin ƙafa da damtsenta a hankali ƙwarai, har mutum ya ji ja, sai ta tsaya a nan. Sannu a hankalin yana da dalili. A cikin kowace tsoka akwai ƙananan gaɓoɓin ji masu siffar mazari, aikinsu su ji tsawon tsoka da saurin da ake jan ta. Idan aka fizge ta, saƙo yana zuwa laka ya dawo cikin ƙiftawar ido ba tare da jiran ƙwaƙwalwa ba, tsokar ta ɗaure domin kare kanta. Shi ne abin da likita yake gwadawa idan ya buga ƙaramar guduma a ƙasan ƙoƙon gwiwa ƙafa ta zabura. Liddell da Sherrington ne suka bayyana wannan martani a Ingila a 1924, kuma Sherrington ya samu kyautar Nobel a 1932 saboda aikinsa a kan jijiyoyin saƙo. Ma'anarsa ga majinyaci ita ce mai fizga yana tayar da tsokar da yake son ta saki, sannan ya yi kokawa da ita, kuma a wannan kokawar ce zaren tsoka yake yagewa.

Idan ta kai wurin ja takan riƙe na daƙiƙa 30 tana duban agogon bango, ta saki, ta maimaita sau uku ko huɗu. Wannan adadi yana da tushe. A 1994 Bandy da Irion a Amurka sun gwada riƙon daƙiƙa 15 da 30 da 60 a tsokar bayan cinya har mako shida, suka tarar 30 ta fi 15 amfani, 60 kuma ba ta ƙara komai a kan 30 ba. Wani bincike na 2001 a kan waɗanda suka kai shekara 65 zuwa sama ya nuna su daƙiƙa 60 ta fi yi musu, kuma na lura Madam tana daɗewa a kan tsofaffi fiye da yadda take daɗewa a kaina. A cikin daƙiƙun nan mutum yana jin jan yana raguwa alhali ƙafar ba ta motsa ba, saboda nama yana da ɗabi'ar sakin jiki sannu a hankali idan aka riƙe shi a tsawo guda. Wanda ya taɓa tsayawa wurin majema ya ga yadda jiƙaƙƙiyar fata take bayar da kai idan an ɗame ta an bar ta, da yadda take tsagewa idan an fizge ta, ya ga abin da ake nufi. Sai dai wannan sakin na ɗan lokaci ne, yakan gushe cikin ƙasa da awa ɗaya, shi ya sa ƙafar da ta yi laushi da yamma take wayewa a ƙage, kuma shi ya sa maimaitawa a gida ta fi zama guda a wurin kine nauyi.

Ƙa'idarta game da zafi ba ta canzawa. "Malam, ja muke nema. Idan ka ji suka ko tsinkewa ka faɗa mini nan take, kada ka daure." Ta kuma ce idan ciwon da aikin ya tayar ya kwana ya wuni bai lafa ba, ko gaɓar ta ƙara kumbura, to an wuce gona da iri, gobe a rage. Na jaddada wannan saboda a al'adarmu dauriya abin yabo ce, kuma majinyata da yawa, musamman maza, suna ganin idan ba su yi gumi don azaba ba an cuce su kuɗinsu. Na ji wani dattijo yana ce wa mataimakin ya ƙara ƙarfi, Madam ta leƙo daga labule ta ce: "Baba, ka yi haƙuri, ƙarfin nan ya isa, idan muka ƙara jibi ba za ka iya taka ta ba." A ganina wannan ƙin biye wa mai biya shi ne babbar shaidar ƙwarewar gidan.

Akwai wata dabara da take amfani da ita idan ci gaba ya tsaya. Takan kai ƙafa wurin ja, ta ce in danna hannunta kamar mai taka birki na ƴan daƙiƙu ba tare da ƙafar ta motsa ba, sannan in saki in sauke numfashi, a take sai ta samu ƙarin ɗan wuri. Wannan yana cikin hanyar da likita Herman Kabat da Margaret Knott da Dorothy Voss suka tsara a Amurka tsakanin shekarun 1940 da 1950, da fari domin masu shan inna. An daɗe ana bayyana amfaninta da wasu gaɓoɓin ji da ke mahaɗar tsoka da agara, waɗanda Camillo Golgi ɗan Italiya ya gano, masu sa tsoka ta lafa idan nauyi ya yi mata yawa. Binciken baya-bayan nan ya nuna wannan lafawar gajeriya ce sosai, ba ta isa ta bayyana duk ƙarin da ake samu ba. A 1996 Magnusson da abokan aikinsa a Kofanhagan sun sa mutane miƙa tsokar bayan cinya kullum har kimanin mako uku, suka tarar ƙafar tana ƙara nisa amma taurin tsokar bai sauya ba, abin da ya sauya shi ne yadda mutum yake iya jure jan kafin ya ce a tsaya. Wato a makonnin farko jijiyoyin saƙo da ƙwaƙwalwa ne suke fara amincewa da sabon tsawon. Wannan bai rage darajar aikin ba, domin ƙafar da mutum yake tsoron lanƙwasawa ba za ta yi masa tsuguno ba ko da namanta ya isa, amma yana nuna cewa majinyacin da aka firgita da azaba an mayar da shi baya.

A nan ne dole in faɗi abin da masu gidajen kine ba za su so ji ba. Hujjar da ke goyon bayan miƙa tsoka ita kaɗai a matsayin maganin gaɓar da ta ƙage tana da rauni. A 2005 Anne Moseley da abokan aikinta a Ostareliya sun raba mutum 150 da aka cire wa ɗauri bayan karayar idon sawu, wasu aka ba su motsa jiki kawai, wasu motsa jiki da miƙa tsoka na gajeren lokaci, wasu na dogon lokaci, kuma ba a ga bambanci tsakaninsu ba. A 2015 ita da abokan aikinta sun sake gwaji da mutum 214 masu karayar da ba ta da rikici, suka kwatanta waɗanda suka yi ta zuwa wurin kine da waɗanda aka ba shawara da takardar motsa jiki suka koma gida, sakamakon ya zo kusan ɗaya. A 2017 ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, ta tattara bincike 49 a kan miƙa tsoka domin hana ƙagewar gaɓa ko magance ta, ta kammala da cewa ƙarin da ake samu bai kai wanda majinyaci zai ji a rayuwarsa ba, ko da yake babu binciken da ya wuce wata bakwai. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne takawa da amfani da gaɓa kullum su ne suke yin mafi yawan aikin, miƙa tsoka kuma mataimakiya ce.

Abin yabo ga wannan gida shi ne aikinsa ya fi kusa da wannan gaskiyar fiye da yadda na zata. Mafi yawan lokacina a tsaye na yi shi: ɗaga dunduniya da ƙafa biyu, daga baya da ƙafa ɗaya, sauke dunduniya a hankali daga bakin matakala, tsayuwa da ƙafa ɗaya a ƙasa sannan a kan katifa, da tura gwiwa zuwa bango dunduniya tana manne da ƙasa, ana auna tazarar babban yatsa da bango da santimita. Wannan awon na bango kowa yana iya yin sa a ɗakinsa da ma'aunin tela, kuma shi ya nuna mini ci gabana mako bayan mako ba tare da na dogara da bakin kowa ba. Tsuguno ya dawo da farko ina riƙe da ƙyauren ƙofa, da ɗan katako a ƙarƙashin dunduniya, aka yi ta rage kaurin katakon. Zaman tahiya ya fi jinkiri, da matashi tsakanin ƙafa da mazauni na fara shi.

Mutum biyu da na yi zaman jira tare da su sun ƙara nuna mini ingancin gidan. Na farko yaro ne ɗan firamare da ya karye a saman gwiwar hannu, aka kai shi wurin maɗori, hannun ya ƙi miƙewa, sai aka riƙa murɗa shi a gida ana rataya masa bokitin ruwa. Madam ta ƙi taɓa shi sai an sake radiyo likitan ƙashi ya gani, ta bayyana wa uwar cewa gwiwar hannu gaɓa ce da ba ta son tilas, kuma jan ƙarfi bayan rauni yana iya haddasa zubar jini a cikin tsoka har ƙashi ya tsiro a inda ba wurinsa ba ya kulle gaɓar, sannan idan ƙashin ya haɗe a karkace ne ya tokare, babu jan da zai buɗe shi. Ba na raina maɗora, domin a ƙauyuka da yawa su ne kusa da mutane, amma ɗaurin kara da aka matse a hannun yaro yana iya tsayar da jini tsokar damtse ta mutu yatsu su ƙanƙame, cutar da Volkmann ya bayyana tun 1881, kuma wannan ba ta warkewa da miƙa tsoka. Ta biyu dattijuwa ce mai ciwon sukari da kafaɗarta ta ƙage har ɗaurin kallabi ya gagare ta. Wannan ciwo ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, ya fi yawa ga masu sukari, kuma jakar gaɓar ce take kumbura ta tsuke. Madam ba ta tilasta kafaɗar ba, ta sa ta lilo da hannu da hawan bango da yatsu iya inda zafi ya bari, ta gaya mata gaskiya cewa abin yakan ɗauki shekara ko fiye. Wani bincike da aka yi a Holan a 2004 ya nuna waɗanda suka motsa kafaɗar a cikin iyakar zafi sun fi waɗanda aka ja da ƙarfi samun sauƙi bayan shekara biyu.

Aibin gidan kuwa ba ƙarami ba ne. Da yamma bayan la'asar, lokacin da ma'aikata suke tashi, mutane sukan yi yawa, Madam ta rabu tsakanin gadaje, mataimakin ya ɗauki sauran. Yaron yana da ladabi kuma hannunsa ba shi da mugunta, amma da baki yake ƙirga daƙiƙa 30, kuma idan layi ya yi tsawo ƙirgarsa ba ta kai rabin abin da agogo zai nuna ba. Ga abin da ƙimarsa take cikin tsawon riƙo, wannan rage mudu ne, kuma kuɗin zaman bai ragu ba. Wanda yake da hali ya nemi safiya.

Na biyu shi ne fitilar gashi. Kusan kowa sai an kwantar da shi a ƙarƙashinta na kimanin kwata na awa, har a watan Afrilu da zafin Yamai yake wuce digiri 40. Ɗumi yana taimaka wa nama ya saki kuma yana rage jin zafi, amma zafin fitila bai shiga can cikin tsoka kamar yadda tafiya ko keke suke ɗumama ta, kuma na fahimci cewa a lokacin cunkoso fitilar tana zama hanyar ajiye mutum kafin a samu hannu. Ya kuma kamata a riƙa tambayar masu sukari ko suna jin ƙafarsu sosai kafin a kunna musu ita, domin wanda jijiyar saƙonsa ta yi rauni yana iya ƙonewa bai sani ba. Na ga Madam tana tambaya, ban ga mataimakin yana yi kullum ba.

Na uku ya fi damuna. Tun ranar farko mai karɓar kuɗi takan lissafa wa mutum jerin zama masu yawa kamar yadda aka rubuta a takardar likita, ta ƙarfafa shi ya biya gaba ɗaya domin a yi masa ragi. Ga ma'aikacin da albashinsa yake ƙarewa kafin wata ya raba, jikkunan da ake tarawa a haka, da kuɗin taksi zuwa da dawowa, nauyi ne na gaske, kuma na ga waɗanda suka daina zuwa a tsakiya ba tare da an koya musu abin da za su ci gaba da shi ba. Idan aka dubi binciken 2015 da na ambata, mai karaya marar rikici zai fi amfana da zama kaɗan masu tazara, a auna shi, a gyara masa kuskure, a ƙara masa mataki, ya koma gida ya yi aikin. Da na yi wa Madam wannan magana ba ta musa ba, ta rage mini zuwa ta tsawaita tazara, amma sai da na tambaya, kuma ba kowa ne zai san ya tambaya ba. Babu kuma takardar da ake ba mutum ya tafi da ita, ko da zane ne, balle bayani da Hausa ko Zabarmanci. Yau gidaje da yawa suna da waya mai WhatsApp, kuma ɗan bidiyo na minti biyu da saƙon murya za su isa su hana tsohuwa manta yadda aka nuna mata. Ƙari a kan haka, akwai dakali mai tsawo a bakin ƙofa ba tare da gangara ba, ban ɗakin kuma na tsuguno ne ba abin riƙewa a bango, a gidan da yawancin masu shigarsa tsugunon ne ya kawo su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4, wato kusan ɗaya cikin uku a duniya, suna da larurar da irin wannan jinya za ta taimaka, kuma tun 2017 ta ƙaddamar da shiri na musamman a kanta. A Nijar masu wannan sana'a kaɗan ne, kuma yawancinsu a Yamai suke. Babban Asibitin Ƙasa na Yamai yana da sashen wannan aiki da wurin ƙera ƙafar roba da takalman gyara, asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010 kuma yana gyara ƙafar jariran da aka haifa da ita a lanƙwashe ta hanyar Ponseti, inda ake sauya ɗauri mako-mako ana juya ƙafar kaɗan-kaɗan. Wannan hanya ita ce mafi bayyanar shaida cewa ja marar ƙarfi mai daɗewa yana sauya naman da yake kan girma. Duk mai ƙaramin yaro ya fara neman irin waɗannan wurare kafin gida mai zaman kansa. Wanda kuma ya taso daga Tawa, tafiyar da ta wuce kilomita 500, kada ya kama ɗaki a Yamai domin jerin zama, ya nemi a auna shi a koya masa, ya koma gida, ya dawo a sake awo.

Ina ba da shawarar wannan gida ga wanda aka cire wa ɗauri, da wanda aka yi wa aiki a gwiwa ko idon sawu, da mai kafaɗar da ta ƙage, da iyalan mai shanyewar ɓarin jiki da suke son a koya musu yadda ake motsa hannu da ƙafa a hankali, domin tsokar irin wannan majinyaci tana ƙara ɗaurewa gwargwadon saurin da aka ja ta. Wanda gaɓarsa take da zafi da ja da kumburi tare da zazzaɓi, da wanda ƙashinsa bai gama haɗewa ba, da mai amosanin jini da ƙugunsa ya fara ƙagewa, likita za su fara gani kafin kowa ya ja musu gaɓa. Mai zuwa ya tafi da hoton radiyo na ƙarshe da takardar likita, ya sa wando mai faɗi da za a iya naɗewa sama da gwiwa, ya nemi a rubuta masa awon rana ta farko a katinsa, ya kuma tambayi ranar da za a sake aunawa kafin ya biya kuɗin zama na gaba.